Filasta Mai Kunne

"Wa ya ɗaure wannan? Tambaya nake yi, wa ya ɗaure shi?"

"Haba Sista, ko gaisawa ba mu yi ba," in ji Dogo daga teburin ma'aikata, yana soka biro a aljihu. "Ina kwana tukuna. Ya hutu?"

"Riƙe gaisuwarka. Taso ka gani."

Babu wanda bai san wannan muryar ba a ɗakin kulawa ta musamman. A gabanta Sista ake ce mata, a bayan idonta kuwa Barkono, kuma ta san da sunan, ba ta taɓa cewa a daina ba. Shekararta goma sha ɗaya a ɗakin nan mai gado shida, inda majinyata ba sa iya buɗe baki su ce ga inda ke musu ciwo, sai dai na'urori su yi ta kuka a madadinsu. Kwana biyu ta yi tana hutu, yau da safe ta dawo. Kamar kullum, tana wanke hannu ta ɗauki 'yar tocilarta ta fara bin gadaje, tana leƙa duk inda roba ko ƙarfe ya taɓa fatar mutum: bayan kunne inda siririn bututun iska ke ratayawa, karan hanci, gefen baki, ƙarƙashin igiyar da ke riƙe bututun numfashi. Gado uku ta wuce lafiya. A na huɗu ta tsaya cak.

Wani mai gyaran agogo ne kwance a wurin, dattijo ɗan siriri, kwanansa tara ke nan na'ura na yi masa numfashi saboda ciwon huhu. A manuniyar hannunsa na dama akwai ɗan maƙalin nan mai jan haske da ke auna iskar da ke cikin jini. Ƙa'idar ɗakin ita ce a riƙa sauya masa yatsa, kada ya wuce awa huɗu a wuri guda. Wannan kuwa an naɗe shi da filasta har zagaye uku, an matse kamar ana ɗaure bakin buhu, filastar har ta yi dauɗa.

Ba ta tsaya neman bakin filastar ba. Almakashi ta zaro, ta zura ta ƙasa, ta datse, ta watsa tarkacen cikin tire. Ta ɗaga maƙalin.

Yatsan ya kumbura suntum. Gaɓar ƙarshe ta yi baƙi, ba irin baƙin da Allah ya halicce shi da shi ba, wani baƙi mai shuɗi-shuɗi kamar jikin ayabar da aka danne. Bororo ya fashe a gindin farce, shatin maƙalin ya zauna cikin naman daram. Ta ɗora bayan yatsanta a kai, ta ji sanyi ƙalau. Ta danna farcen, ta saki, ta tsaya jiran jini ya dawo. Bai dawo ba.

Dogo ya iso yana jan takalmi. Murmushin da ya zo da shi ya bushe a fuskarsa. Ya dubi yatsan, sannan ya dubi tiren, ya daɗe yana kallon tiren.

"Kwana biyun nan gadon wa ne?"

"Da safe nawa ne. Da yamma kuma..."

"Ban tambaye ka yamma ba. Duba fata daga kai har ƙafa aikin safe ne, ko an canza doka da ba na nan?" Ta fizgo takardar jinya daga ƙafar gadon, tana buga ta da yatsa. "Fata lafiya. Fata lafiya. Fata lafiya. Ga sa hannunka nan kamar kaza ta yi tono. Wace fatar ce lafiya, Dogo? Taka?"

"Na duba, Sista. Na leƙa ta gefe-gefe, ban ga wani ja ba."

"Ja!" Ta yi wata dariya marar daɗi, har sauran ma'aikata biyu suka sunkuyar da kai kan aikinsu. "Ja kake nema a jikin wannan bawan Allah? Dube shi, dube ni, dubi kanka. Wanda ya rubuta littafin da ka haddace, fatar da ya sani ita ce ke yin ja. Tamu ba ta kai ƙara da launi, sai ka sa hannu. Ɗagawa ake yi, a taɓa, a ji zafi ko sanyi, a ji tauri ko laushi. Sau nawa zan faɗa a ɗakin nan? Cuta ce ta kawo su, amma kayanmu ne ke cin namansu, mu kuma muna tsaye muna rubuta lafiya!"

Dogo ya girme ta da shekara goma. Ranar da ta fara shigowa ɗakin nan a tsorace, shi ya nuna mata inda ake ajiye safar hannu, shi ya ba ta dariya har tsoron ya sake ta. Mutum ne da ko gawa ake wankewa sai ya samo abin da zai sa a murmusa. Yau kuwa bai nemi abin dariya ba. A hankali ya ce, "Ki bi sannu, Sista. Kada ki yi nisa, dawowar za ta yi miki wuya."

"Barazana kake min?"

"Wane ni." Ya ɗauki tiren ya fita da shi.

Ta mayar da maƙalin kan yatsan hagu. Tana saki ya sulale ya faɗi kan zanin gado, na'ura ta ɗauki ihu. Bakin maƙalin ya saki, ba ya kama komai. Sau uku ta rubuta wa sito a canza shi, sau uku aka ce ta yi haƙuri. Wani abu ya gifta mata a rai a daidai lokacin, kamar inuwar tsuntsu a kan bango, amma fushi bai bar shi ya sauka ba. Ta cire na gado na biyar da babu kowa a kai, ta sa masa a hagu, ta wanke yatsan da ya ji ciwo, ta rufe shi da auduga sako-sako, ta ɗora hannun kan matashi.

Ƙarfe tara likita ya zo zagaye. Ya saurari ƙirjin dattijon ya gyaɗa kai da jin daɗi: huhu ya fara washewa, in Allah ya yarda gobe ko jibi za a cire bututun, mutum ya farka. Da ta buɗe masa yatsan sai ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Ya ce sai likitan tiyata ya gani, kuma sai an jira kwanaki kafin a san inda naman ya mutu da inda ya rage. Wataƙila gaɓar ta tsira. Wataƙila a yanke.

A ofishin Babbar Sista suka ƙarasa maganar, ƙofa a rufe, fanka na juya takardu.

"Ni dai ga yadda na gani," in ji likita, yana wasa da murfin biro. "Kwana biyar muna ba shi maganin ɗaga bugun jini. Kowa ya san maganin nan yana tsuke jijiyoyi, yakan hana jini isa yatsu. In an rubuta haka, babu wanda zai ce an yi ƙarya."

"Maganin yana da ido ne, Likita?"

"Ban gane ba."

"Yatsu ashirin gare shi, hannu da ƙafa. Maganin ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya zaɓi wannan, sannan ya zauna ya zana shatin maƙali a jiki? Lallai magani ya yi ilimi."

Likita ya miƙe, ya ce yana da marasa lafiya a ƙasa, ya fita bai rufe ƙofar da kyau ba.

Babbar Sista ta cire tabarau ta murza idanu. Mace ce da ta gaji da faɗa tun kafin gashinta ya yi fari. "Zauna, ƙanwata."

"Na fi jin daɗin tsayuwa."

"To tsaya. Kin dai san Dogo na da takardar tuhuma biyu a fayil. Ta uku sallama ce, ba ni na kafa dokar ba."

"Shi ya san da haka lokacin da yake rubuta lafiya."

"Shekara ashirin da ɗaya ya yi a aikin nan, Sista."

"Shi kuma dattijon shekara nawa ya yi da yatsansa?"

Babbar Sista ta mayar da tabaranta. "Ke kika gano, ke za ki rubuta rahoto. Ki kawo min kafin a miƙa aiki ƙarfe biyu. Abin da kika rubuta shi zan sa wa hannu, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

A tsaye ta rubuta shi, a kan teburin ma'aikata, biro na neman huda takarda. Sunan Dogo sau huɗu ya fito. Ta ninke ta sa a aljihu, ta koma bakin aiki, don fushi bai taɓa hana hannunta yin abin da ya saba ba.

A gado na biyu wata mata ce da ta haihu kwana shida da suka wuce. Bututun numfashi ya kwana a gefen bakinta na hagu, lokacin sauyi ya yi. Sista ta kira ɗaya daga cikin ma'aikatan ta riƙe bututun, ta kwance igiyar, ta goge danshin da ya taru a wurin har ya bushe, ta haska tocila ta shafa leɓen da yatsa. Ta mayar da bututun dama, ta shimfiɗa ɗan soso mai laushi a kumatu kafin igiya ta hau, ta ɗaure, ta zura yatsa ɗaya ƙarƙashi don ta ji ko ya matse. Sannan ta yanko filasta ta manna, ta lanƙwasa bakin ƙarshe ya koma kamar ɗan kunne. Haka take yi tun tana ɗaliba, don mai zuwa cirewa ya sami abin kamawa, ba sai ya sa farce yana kankare fatar mutum ba. Duk asibitin ita kaɗai ke yin haka, har ana tsokanar ta da shi.

Tana son wannan aikin, so irin wanda ba ta iya faɗa wa kowa. Likitoci na yaƙi da mutuwa a can cikin ƙirji da jijiya, a yi musu tafi. Ita nata yaƙin a kan taƙi ɗaya na fata yake, wurin da babu mai gani sai ranar da ya lalace. Takan ce a ranta, mutumin da ya farka daga wannan dogon barci ya cancanci ya tarar da fuskarsa yadda ya bar ta, hancin da 'ya'yansa suka sani, leɓen da matarsa ta sani. Shi ya sa duk lokacin da ta tuna yatsan nan sai ta ji kamar an zuba mata garwashi a ƙirji, ta ɗaga kai ta harari bayan Dogo, wanda ke can yana juya majinyacin gado na uku.

Ƙarfe goma sha biyu aka buɗe wa masu ziyara, mutum ɗaya ga kowane gado, minti goma sha biyar. Matar mai gyaran agogo ta shigo cikin rigar asibiti da ta yi mata yawa, tana tafe a gefe-gefe kamar mai tsoron taka ƙasa. Kullum da 'yar kwalbar mai take zuwa, ta zauna ta shafa wa mijinta hannun hagu, yatsa bayan yatsa, tana ba shi labarin gida kamar yana ji. Yau ta tarar da maƙali a hagun, dama kuma a rufe da auduga. Ta tsaya da kwalbar a hannu.

"'Yata, lafiya? Me ya sami hannun Malam?"

"Ɗan ciwo ne ya fito a yatsa, Mama. Likita zai duba."

"Wane yatsan?"

"Manuniya."

Tsohuwar ta zauna a hankali, kamar an zare mata wani ƙashi. "Manuniya," ta maimaita. "Ai ita ce shi. Kin san abin da yake ɗauka da ita? Ƙusar agogo, wadda in ta faɗi ƙasa ke ba za ki bambanta ta da ƙwayar yashi ba. Ya maƙala ɗan gilashinsa a ido, ya riƙe hantsaki tsakanin wannan da babban yatsa, ko numfashi ba ya yi. Shekara arba'in da uku." Ta ɗan murmusa, idonta na kawo ruwa. "Da ita ya same ni ma. Agogon babanmu lafiyarsa ƙalau, ni nake buɗe bayansa in tura tsinke, don a aike ni rumfarsa. Sau uku. A na huɗu ya ce, yarinya, ki bar agogon nan ya huta, zan zo gidan da kaina."

Sista ta dafa aljihun da rahoton ke ciki. "Ki kwantar da hankalinki, Mama. Wanda ya yi sakacin nan ba zai sha ba."

"Ni ma da laifina. Shekaranjiya na ga kamar yatsan ya yi nauyi, har na miƙa hannu, sai na tuna."

"Kika tuna me?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana juya murfin kwalba. "Ranar da muka zo, da na gyara masa robar nan ta hanci, ai kin ce in na sake taɓa wani abu ba zan ƙara shigowa ba. Ban ji haushi ba, 'yata, aikinki ne. Sai na janye hannuna."

"To ai da kin faɗa wa wani."

"Na faɗa. Na kira dogon nan mai ban dariya. Ya zo ya tsaya ya duba, ya daɗe. Sai ya ce min, Mama, ɗaurin Sista ne, ta san abin da take yi. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta. Na ce in dai ke ce, ai shi ke nan."

Ba ta san yadda ta baro gefen gadon ba. Ta dai ga kanta tana tura ƙofar ɗan ɗakin shan shayi har ta bugi bango. Dogo na zaune shi kaɗai, kofi a gabansa ya huce bai taɓa ba.

"Da sunana ka rufe sakacinka? Ka rasa wanda za ka yi wa ƙarya sai tsohuwar da mijinta ke kwance? Kai ko kunyar furfurarka..."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da safar hannu ɗaya da aka ƙulle bakinta, ya kwance, ya zazzage a kan tebur. Filastar da ta datse da safe ce, zagaye uku, ta yi dauɗa. Ya sa bakin biro ya juya ta.

A ƙarshenta akwai ɗan kunne, an lanƙwasa shi tsaf.

Inuwar nan da ta gifta mata da safe ta dawo, wannan karon ta sauka da dukan nauyinta. Ranar ƙarshe kafin hutunta, saura minti ashirin a tashi. Zuciyar majinyacin gado na shida ta tsaya, kowa ya ruga. Shi kuma dattijon nan zazzaɓi na kaɗa shi, maƙalin na ta faɗuwa, na'urarsa na ta ihu tana rufe muryar likita. Ta tuna hannunta ya fizgo filasta, ya naɗa, ya naɗa, ya naɗa. Ta tuna har abin da ta ce a ranta: minti goma kawai. Sun yi kusan awa ɗaya a kan mutumin gado na shida, bai dawo ba. Ta rufe masa ido, ta rubuta lokaci, ta wanke hannu, ta tafi gida ta yi barcin kwana biyu da zuciya wasai.

Ko cikin wannan gaggawar, hannunta bai manta ya yi kunnen ba.

Ta ja kujera ta zauna. Amma fushin bai mutu ba, ya dai rasa inda zai nufa ne, sai ya sake tashi ta ko'ina.

"Don ni na ɗaura sai ka bar shi?" "Ka ga yatsa na kumbura, matarsa ta kira ka, ka tsaya karanta sa hannuna? In ka ga na zuba guba a ƙarin ruwa, sai ka ce Sista ta san abin da take yi?"

"Watan jiya," in ji Dogo, "na cire filastarki a gado na ɗaya don ta jiƙe. Kin tuna?"

Ta kawar da kai.

"Ni na tuna. A gaban likitoci uku da ɗalibai kika ce hannuna kamar na mai faskare. Kika ce duk wanda ya sake taɓa ɗaurinki ba da izininki ba, sai kin ga bayansa a ɗakin nan. Ba ni kaɗai na ji ba. Kwana biyun nan mu shida muka wuce ta gaban gadon nan, safe da yamma da dare. Kowa ya ga kunnen, kowa ya ce akwai dalili, kowa ya rubuta lafiya."

"Wannan ba hujja ba ce!"

"Ban ce hujja ce ba." Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Na ji tsoron bakinki fiye da yadda na ji tausayin yatsansa. Gaskiyar ke nan, kuma da ita zan riƙa kwana. Gemai-gemai da ni, na tsaya ina tsoron a yi min faɗa. Amma ke ma ki sani, kin koya mana ɗaga komai a duba, sannan kin kafa abu ɗaya da ba a ɗagawa."

"Me ya hana ka nuna wannan a ofis tun safe?"

"In tona ki a gaban likita? Ni na nuna miki inda ake ajiye safar hannu, Barkono."

Karo na farko ke nan da wani ya kira ta da sunan a gabanta.

Ya tura filastar gabanta da bakin biro. "Ga kwandon shara nan bayanki. Babu wanda ya gani sai ni da ke. Ki rubuta abin da likita ya ce, magani ne. Ni na tsira, ke kin tsira, sauran biyar sun tsira. Yatsan dai ko me kika rubuta ba zai canza ba."

"Ita kuma Mama?"

"Za ta ce ƙaddara. Za ma ta yi miki godiya."

Abin da ya fi ƙona ta ke nan, don ta san gaskiya ya faɗa. Tsohuwar za ta kama hannunta biyu ta sa mata albarka. Jibi dattijon zai buɗe ido, ya ɗaga hannunsa ya duba, a ce masa magani ne, ya ce Allah ya sa kaffara ne. Ita kuma ta ci gaba da yawo da tocilarta tana yi wa mutane tsawa, ana kauce mata a hanya, ana cewa ai Sista ba ta kuskure. Wata rana wani gadon ya sake rikicewa, hannunta ya sake fizgo filasta, a sake samun mutum shida su wuce.

Ta dubi ɗan kunnen. Don a ji sauƙin cirewa ta ƙirƙiro shi. Shi ne ya zama kwaɗon da ya hana a cire.

Ta ɗauke shi ta mayar cikin safar, ta ƙulle, ta fita ba ta waiwayi Dogo ba.

Sauran awa ɗayan ta yi shi ne a bakin aiki. Ta sauya wa dattijon maƙali daga wannan yatsa zuwa wancan tun lokaci bai cika ba, ta shafa bayan kunnuwansa, ta sassauta robar hancinsa da ke jan gefe guda. Da ta zo kan hannun daman sai ta tsaya, ta riƙe shi cikin nata. Hannu ne mara nauyi, mai tsabta, da ɗan taurin fata a gefen babban yatsa inda hantsaki ya shekara arba'in yana zama. Ta so ta ce masa wani abu, ta ga ba shi ne zai fara ji ba.

Ƙarfe biyu saura biyar masu aikin yamma suka shigo, aka taru a teburin ma'aikata kamar kullum, mutum bakwai. Babbar Sista ta fito daga ofis ta miƙo hannu.

"Rahoton, ƙanwata. Ko mu shiga ciki?"

"A'a, Anti. A nan na yi ihun da safe, a nan zan ƙarasa."

Ta ciro takardar daga aljihu ta yaga ta biyu, ta sake yagawa. Sannan ta kwance safar ta zazzage filastar a tsakiyar tebur, kunnen na sama. Ta ga yadda idanu suka sauka a kai suka gudu, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi mamaki. Wannan ma sai da ya soke ta.

"Kun gane ta, ai. Tun shekaranjiya kuka gane ta." Muryarta ta fito da kaushinta na kullum, har mai shara ya tsaya da tsintsiya a bakin ƙofa. "Ni na ɗaura. Ba magani ba ne, ba Dogo ba ne. Na ce minti goma, na tafi na bar shi kwana biyu. Ku kuma kuka wuce shi ku shida kuna rubuta lafiya, kuma ban yafe muku ba, kada wanda ya ɗauka na yafe. Amma zan rubuta dalilin da ya sa kuka wuce, da kalmomin da na faɗa watan jiya, ɗaya bayan ɗaya. Zan haɗa da takardu ukun da na aika sito. In akwai takardar tuhuma a wannan maganar, Anti, sunana ne a layin farko. Daga yau kuma duk wanda ya ga kunnen nan a jikin majinyaci, ya kama ya ja. Don haka aka yi shi."

"Sista," in ji Babbar Sista a hankali, "kin san abin da wannan zai jawo miki?"

"Na sani. Ba ni sabuwar takarda, in na dawo zan cika."

"In kin dawo daga ina?"

Ta cire tocilar daga wuyanta ta ajiye kusa da filastar, ta nufi ƙofa.

"Matar dattijon na nan kan benci a waje. Bakin nan ne ya hana ta magana, shi zai je ya faɗa mata. Yanzu."